Darasin doka kyauta ga 'yan Asiya a Toronto: ina amfaninsa, ina iyakarsa?

A Toronto da garuruwan da ke maƙwabtaka da ita, irin su Markham da Brampton da Mississauga, akwai wata hidima da ba a biyan ko sisi a kanta. Ɗalibai masu karatun lauya ne ke zuwa ɗakin karatu na unguwa, ko zauren masallaci, ko cibiyar tarbar baƙi, su yi wa jama'a bayanin dokar haya da ta aiki da ta shige da fice da ta iyali, da harshen da mutanen ke ji ko ta bakin tafinta. A ganina hidima ce da ta cancanci mutum ya ajiye sana'arsa na awa biyu ya halarta, muddin ya san abin da ake samowa a can. Wanda ya tafi da zaton za a karɓi shari'arsa a tsaya masa, da ɓacin rai zai dawo. Abu biyu ake samowa, kuma manya ne: kwana nawa suka rage maka kafin haƙƙinka ya faɗi, da ƙofar da za ka ƙwanƙwasa.

Masu buƙatar ba kaɗan ba ne. Ƙidayar Kanada ta 2021 ta nuna mutum kusan miliyan 2.6 'yan asalin Kudancin Asiya, wato Indiya da Pakistan da Bangladash da Sri Lanka da maƙwabtansu, da kuma kusan miliyan 1.7 'yan asalin Sin. A Brampton sama da rabin mazauna garin 'yan Kudancin Asiya ne. Da yawansu sun iya Turancin kasuwa da na wurin aiki, amma Turancin takardar kotu daban yake.

Ɓangarori uku ne ke riƙe da aikin. Akwai ƙungiyar Pro Bono Students Canada, wadda aka kafa a tsangayar shari'a ta Jami'ar Toronto a 1996, yanzu tana da rassa a makarantun lauya sama da 20. Ita ke haɗa ɗalibi da wata ƙungiyar al'umma da kuma lauyan da zai sa masa ido, ɗalibin ya ba da awa 3 zuwa 5 a mako, daga wajen Oktoba zuwa Maris. Akwai cibiyoyin agajin shari'a na al'umma da hukumar Legal Aid Ontario ke ɗaukar nauyinsu, sun haura 70 a lardin Ontariyo, inda Toronto take, biyu daga ciki don 'yan Asiya aka buɗe su. Chinese and Southeast Asian Legal Clinic ta fara aiki a 1987, tana hidima ga masu ƙaramin ƙarfi daga Sin da Biyetnam da Kambodiya da Laos. Avvy Go, wadda ta shafe shekaru tana shugabantarta, a 2021 aka naɗa ta alƙaliya a Kotun Tarayya. South Asian Legal Clinic of Ontario kuwa 'yan sa kai ne suka fara ta a 1999, ta samu cikakken tallafi a 2007. Na uku ita ce ƙungiyar wayar da kai kan doka mai suna CLEO, wadda tun 1974 take rubuta doka da sauƙaƙan kalmomi, kuma shafinta na intanet mai suna Steps to Justice shi ne madogarar da kowane ɗalibi mai hankali ke komawa kafin ya tsaya gaban jama'a.

Yadda ake haɗa darasi ɗaya, idan an bi ƙa'ida, yana cin makonni. Ƙungiyar unguwa ce ke faɗin abin da ke damun mutanenta. Ɗalibi ya bincika dokar ya rubuta, lauya ya duba ya gyara, a sake rubutawa da gajerun jimloli, a kai wa mai fassara, sannan wani na biyu da ya san harshen kuma ya san doka ya karanta fassarar. Matakin ƙarshen nan shi aka fi tsallakewa idan lokaci ya ƙure, kuma ɓarnarsa ta fi ta kowanne. Idan fassara ta cakuɗa takardar gargaɗi ta mai gida da umarnin hukuma na a fita, mutum zai kwashe kayansa ya bar gidan da doka ba ta ce ya bari ba. Sai lissafin lokaci: duk jimlar da tafinta zai maimaita sau biyu ake faɗin ta, don haka zaman awa ɗaya ba ya ɗaukar bayanin da ya wuce na minti 25 zuwa 30, in har ana so a bar filin tambaya. Ɗaliban da suka zo da shafukan majigi arba'in don awa ɗaya, gudu suke yi, jama'a kuma su yi shiru, ba don sun gane ba.

Darasin haya shi ne wanda na fi yabawa, domin a nan ne ɗan bayani ke hana babbar asara. Ɗauki takardar da ake kira N4. Fom ne na hukuma da mai gida ke cikawa idan kuɗin haya ya makara, da sunan ɗan haya a sama, da jadawalin watannin da ake bi, da wata rana da aka rubuta a matsayin ranar ƙarshen haya. Wanda bai saba ba, yana ganin tambarin hukuma da wannan ranar sai hantarsa ta kaɗa. Ɗalibin da ya iya aikinsa kwafin fom ɗin yake ɗagawa, ya ɗora yatsa a kan ranar, ya ce wannan ba ranar fita ba ce. Idan aka biya bashin gaba ɗaya kafin ranar, takardar ta mutu. Idan ba a biya ba, sai mai gida ya shigar da ƙara a Hukumar Masu Gida da 'Yan Haya, wadda kowa ke kira LTB, a sa ranar zama, a saurari ɓangare biyu, a ba da umarni. Ko bayan umarnin ma, jami'an kotu masu zartar da hukunci, waɗanda ake kira sherif, su kaɗai ke da ikon fitar da mutum. Mai gidan da ya canza makulli da kansa ya karya doka. Haka takardar N12, wadda mai gida ke bayarwa idan ya ce shi ko ɗan gidansa zai shiga: ita ma sanarwa ce, ana iya ƙalubalantar ta a gaban hukumar.

Ƙarin kuɗin haya ma yana da lissafi. Sau ɗaya a wata 12, da rubutacciyar sanarwa ta kwana 90, kuma bisa ma'aunin da gwamnatin lardi ke fitarwa duk shekara: kashi 2.5 cikin ɗari a 2025, kashi 2.1 a 2026. Mai biyan dala 2,000 a wata, ƙarin da za a yi masa a 2026 dala 42 ne, ba 300 ba. Kuɗin ajiya da doka ta yarda a karɓa shi ne hayar watan ƙarshe da ɗan kuɗin makulli. Kuɗin ajiya don ɓarna haramtacce ne, ko da kuwa an rubuta shi a yarjejeniya. Kafin mai gida ya shiga ɗakinka, in ba gaggawa ba, sai da sanarwar awa 24 a rubuce, tsakanin ƙarfe 8 na safe da 8 na dare.

Amma akwai ramuka biyu a wannan darasi, kuma da su nake auna ingancin ɗalibi. Na farko, sabon gidan da ba a taɓa zama a cikinsa ba sai bayan 15 ga Nuwamban 2018 ba ya ƙarƙashin ma'aunin ƙarin nan, mai gida na iya ƙara abin da ya ga dama muddin ya ba da sanarwa. Na biyu ya fi muni. Duk wanda ke tarayya da mai gida ko iyalinsa na kusa a kicin ko banɗaki, dokar haya ta 2006 ba ta rufe shi ba sam. To, sabbin zuwa da ɗalibai 'yan ƙasar waje, da yawansu a irin wannan ɗakin suke, a gidan ɗan garinsu ko wani da aka haɗa su da shi. Ɗalibin da ya tsaya ya ce ba wanda zai fitar da ku sai da umarnin hukuma, bai fara tambayar wa ke kwana gida ɗaya da mai gidansa ba, ya ba wani ɓangare na zauren ƙarfin gwiwar da zai kai su kwana a waje. Tambayar nan ce ya kamata ta buɗe zaman.

Darasin haƙƙin ma'aikata yana bi masa a amfani. A 2016 cibiyar 'yan Sin ɗin ta fitar da binciken da ta yi a kan ma'aikatan gidajen abinci 184, ta gano sama da kashi 40 cikin ɗari ana biyan su ƙasa da mafi ƙarancin albashi, fiye da rabi kuma ba a biyan su kuɗin ƙarin lokaci. Abin da ke aiki a zaure shi ne lissafi a kan allo. A 1 ga Oktoban 2025 mafi ƙarancin albashi a Ontariyo ya koma dala 17.60 a awa. Ga yawancin ma'aikata, duk awar da ta haura 44 a mako ana biyan ta ɗaya da rabi. Mai wanke kwanuka da ya yi awa 54: awa 44 sun ba shi dala 774.40, awa 10 a kan dala 26.40 sun ba shi 264, jimla 1,038.40. Idan dala 14 ake damƙa masa a hannu kowace awa, 756 yake karɓa, wato ana cin masa dala 282.40 duk mako, sama da 14,600 a shekara, ban da kuɗin hutu na kashi 4 cikin ɗari. Mutum yana ganin wannan adadi sai ya gyara zama.

Daga nan sai a faɗa masa abin da zai yi. Ya samu ɗan littafi ya riƙa rubuta ranar da ya yi aiki, lokacin shiga da na tashi, da abin da aka ba shi. Ya ɗauki hoton jadawalin aiki da ke manne a bangon kicin. Kada ya goge saƙonnin WhatsApp ko WeChat da mai wurin aikin ke turo masa. Biyan kuɗi a hannu ba ya soke haƙƙi, kuma dokar aikin ba ta ware wanda takardun zamansa ba su cika ba, ko da yake irin wannan mutum ya fi kyau ya ga lauya a keɓe kafin ya shigar da komai. Wa'adin kai koke Ma'aikatar Ƙwadago shekara 2 ne. Akwai wani tarko da ɗalibai ke yawan mantawa: wanda ya kai koke ma'aikatar ba zai iya sake kai ƙara kotu a kan kuɗin nan ba, sai in ya janye koken cikin mako 2. Ga wanda ya daɗe a wurin aiki aka sallame shi, kotu kan ba da fiye da abin da ma'aikatar za ta iya bayarwa, saboda haka zaɓin ƙofa a nan kuɗi ne.

A fannin shige da fice kuwa ina ganin gara ɗalibai su taƙaita, su tsaya kan abin da ba ya yawan canzawa. Ba wanda doka ta yarda ya karɓi kuɗinka don ba ka shawara ko wakiltar ka sai lauya, ko mataimakin lauya mai lasisi, ko notare, wani irin masanin doka na lardin Kebek, ko mai ba da shawara da ke cikin rajistar hukumar da ke sa musu ido, College of Immigration and Citizenship Consultants, kuma ana iya duba sunansa a intanet cikin minti biyu. Ƙaryar da wakili ya cusa a takardarka, kai za ta ci: haramcin shiga ƙasar na shekara 5. A 2023 ɗalibai 'yan Indiya da dama, galibinsu daga Punjab, sun tsinci kansu a bakin kora saboda takardun shiga makaranta na bogi da wani wakili ya haɗa musu shekaru kafin nan. Sai wa'adi, wanda gajere ne ƙwarai: kwana 15 don neman Kotun Tarayya ta duba hukuncin da aka yanke a cikin Kanada, kwana 60 idan a waje aka yanke shi.

Batun iyali shi ne mafi nauyi, kuma a nan ne tsarin zauren jama'a ya fi gazawa. Bayanin kansa yana da daraja. Har yanzu ana tsorata matan da mazajensu suka ɗauki nauyin zuwansu da cewa idan suka bar gidan za a kore su daga ƙasar, alhali sharaɗin zaman shekara 2 da aka kafa a 2012 an soke shi tun Afrilun 2017. Matar da ta riga ta samu izinin zama na dindindin ba ta rasa shi don ta rabu da miji, nauyin da ya ɗauka na shekara 3 kuma yana nan a wuyansa. Wadda takardarta ke kan hanya, nata lamarin daban ne, dole ta ga lauya. Ga Musulmi akwai ƙarin abubuwa: sakin baki da aka yi a Kanada ba ya raba aure a idon doka, sai kotu. Sadakin da aka jinkirta, kotunan Ontariyo sun sha tilasta biyan sa idan an rubuta shi, ma'auratan sun sa hannu, kuma akwai shaida. Wanda ya rasu ba wasiyya, dokar lardi ce za ta raba dukiyarsa, matar aure ta fara ɗaukar dala 350,000 kafin a raba sauran tsakaninta da 'ya'ya. Mai son a bi rabon gado na Musulunci sai ya rubuta wasiyya da shaidu biyu, ya kuma sani cewa mata da waɗanda yake ciyarwa suna da haƙƙin da wasiyya ba ta shafewa.

Matsalar ita ce wa ke zaune a zauren. Cibiyar 'yan Kudancin Asiya ta tattara rahoton auren dole har 219 a Ontariyo tsakanin 2010 da 2012. Yarinyar da ke cikin irin wannan hali, ko matar da ake duka, ba za ta ɗaga hannu a gaban surukarta da maƙwabtanta ba. Kuma bai kamata ta ɗaga ba, domin abin da aka faɗa a zaure ba shi da kariyar sirri irin ta zantawa da lauya. Masu shirya taron da suka san aikinsu suna raba wa kowa ƙaramar takarda ya rubuta tambayarsa ba suna, a tattara a kwando, ko da wanda ba shi da tambaya ya jefa tasa. Suna ajiye lambar wayar cibiya a banɗakin mata. Ba sa tambayar matsayin takardun kowa a rajistar halarta. Tafintan ma suna kawo shi daga wata unguwa, ba sananne a cikin jama'ar ba, kuma ba sa barin yaro ya yi wa uwarsa tafinta. Taron da aka rasa waɗannan a cikinsa, komai kyawun bayaninsa, bai kai ga waɗanda suka fi buƙata ba.

Iyakar da ta fi ɓata wa mahalarta rai ita ce ɗalibi ba zai ce maka yi kaza ba. Ba shi da lasisin ƙungiyar lauyoyin lardin, don haka bayanin doka kawai yake da ikon yi, ba shawara a kan shari'arka ba. Za ka miƙa masa takarda, ya ce ba zai iya faɗa maka ko za ka yi nasara ba. Ina goyon bayan wannan ƙa'ida, domin shawarar da aka bayar a tsaye cikin minti uku, ba a ga sauran takardu ba, tana iya rusa shari'a. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a tsaya a nan. Ɗalibin kirki zai ce: irin wannan takarda tana da wa'adi, ga cibiyar da ke ɗaukar irin ta, ga ranakun da suke karɓar sabbin mutane, kira gobe da safe. Zaman da ya fi kowanne shi ne wanda lauyan da ke sa ido ya zo da kansa ya zauna a gefe, ya ga mutum huɗu ko biyar a keɓe bayan an tashi.

Sai tsufan bayani. Mafi ƙarancin albashi yana canzawa duk 1 ga Oktoba. Iyakar kuɗin da kotun ƙananan ƙararrakin kuɗi ke saurara ta tashi daga dala 35,000 zuwa 50,000 a Oktoban 2025. Awannin da ɗalibin ƙasar waje zai iya aiki a wajen makaranta sun koma 24 a mako a Nuwamban 2024. Takardar Turanci ana sabunta ta, amma ta Tamil ko Biyetnam ko Urdu sai ta shekara biyu ana rarraba ta da tsohon adadi, saboda fassara kuɗi take ci, kuma tun da gwamnatin lardi ta zaftare dala miliyan 133 daga kasafin Legal Aid Ontario a 2019 cibiyoyi suka san zafin ƙarancin kuɗi. Duk takardar da aka miƙa maka, duba ranar da aka sabunta ta. In babu rana, kada ka dogara da adadin da ke ciki sai ka gwada shi da na Steps to Justice.

Akwai kuma kuskuren ɗaukar Asiya tamkar gari ɗaya. Ɗalibar da ta tashi da Mandarin ba lallai ta iya yi wa tsoho mai Kantonis bayani ba duk da cewa harsunan Sin ne duka biyun, mai jin Hindi ba zai gane Tamil ba ko kaɗan, kuma wanda aka haifa a Kanada yana iya hirar gida da harshen iyayensa amma kalmomin kotu su gagare shi. Sinawa da Punjabawa suna da ɗalibai da yawa a makarantun lauya, masu Khmer da Lao da Nepali kuwa sai an tona.

Bahaushen da ke zaune a Ontariyo, waɗannan dokoki duk sun hau kansa daidai da kowa, kuma darasin aure da gado da ake yi wa 'yan Pakistan da Bangladash a masallatai, tambayoyinsa ne ake amsawa. Tarukan galibi a buɗe suke, sai dai idan wakilci yake nema, cibiyar unguwarsa zai nufa ko Black Legal Action Centre ta baƙaƙen fata, domin cibiyoyin 'yan Asiya biyun nan al'ummominsu suke yi wa aiki.

Mai niyyar halarta ya tafi da takardar da ke damun sa tare da ambulan ɗinta, saboda ranar da aka aiko ta da yadda aka aiko ta suna shiga lissafin wa'adi. Ya ɗauki yarjejeniyar haya ko takardun albashi, ya rubuta tambayarsa tun daga gida ba tare da sunaye ba, kuma kada ya bar asalin takarda a hannun kowa. Ya kuma lura da kalanda: a Disamba ɗalibai na jarrabawa, daga Afrilu kuma shirin nasu ya tsaya sai kaka, alhali masu gida ba sa hutun ba da takardar tashi. A waɗannan watanni sai a nufi cibiyar unguwa kai tsaye, ko layin wayar Pro Bono Ontario da ke ba da shawarar lauya har minti 30 kyauta a kan haya da aiki da bashi, ko sashen ƙungiyar lauyoyin Ontariyo da ke haɗa mutum da lauya don ganawar farko ta minti 30 ba tare da biya ba.